Amodari, gira da hakiya: tarihin yaƙi da wani ciwon ido a ƙasar Kance

0. Gabatarwa

Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun ciwon idon da lokotoro ke kira « trachome » da Faransanci, mu ga yadda gundumar Kance, wadda Matamaye ne babban garinta, ta shiga tarihin yaƙi da shi. Za mu fara ne daga kalmomi, domin a ganinmu sunayen da jama'a ke ba ciwo su ne ke nuna inda za su nemi magani, da lokacin da za su neme shi.

1. Suna uku, ciwo ɗaya

Ga ilimin likita, ciwon guda ne mai hawa-hawa. Ƙwayar cutar da ke haddasa shi, Chlamydia trachomatis, tana bin hannu, da tsumma, da ƙuda daga ido zuwa ido. Yaro yakan kamu sau da yawa tun yana goye; kowane kamu na barin tabo cikin fatar ido, har tabon ya janyo fatar ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido. Bayan shekaru sai baƙin ido ya yi fari, gani ya tafi. A 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta rarraba waɗannan alamomi kashi 5.

Hausa kuwa ba ta ɗinke su wuri guda ba. Jan ido da kwantsar yara amodari ne. A Najeriya an fi jin amosanin ido. Gashin da ya juya ciki ana ce masa ciwon gira, maganinsa na gida shi ne tsigewa da matsefata. Farin da ke rufe baƙin ido hakiya ne, dabam da yana ta tsufa. Ke nan suna na farko na yara ne, na biyu galibi na mata, na uku na tsofaffi, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun shekara 30 ko 40. Babu abin da zai sa uwa ta danganta kwantsar ɗanta da makantar kakarsa. Mata sun fi maza kamuwa da gira, wani wuri har ninki 4, saboda su ke ɗauke da yara dare da rana. Tun da yake ciwon na bin gida gida, ba mamaki a ɗauke shi gado.

2. Daga zamanin Nasara zuwa shekarun 1990

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma Zandar ce hedkwatar mulkinsu har 1926. Amma aikin lafiya na lokacin ya fi karkata ga annoba mai kisa, kamar agana da sanƙarau. Ciwon da ba ya kisa, wanda ke makantar da matan karkara a hankali, bai samu kulawa irin wannan ba. Makaho yana da wurinsa a tsarin gari, har da sarautar Sarkin Makafi, sai dai wannan tsari na kula da wanda ya riga ya makance ne.

Shi kansa ilimin ya daɗe bai nuna ba. A 1907 Halberstaedter da Prowazek suka hango alamun ƙwayar a tsibirin Java. Sai a tsakiyar shekarun 1950 Tang Feifan ya yi nasarar ware ta a Bejin. A 1953 aka buɗe cibiyar ciwon ido ta IOTA a Bamako domin ƙasashen rainon Faransa. Maganin da aka dogara da shi bayan haka man tetirasikilin ne, a shafa sau 2 a yini har mako 6. Duk wanda ya san aikin mace a lokacin damina ya san da wuya a cika wannan ƙa'ida.

Sauyi ya zo a shekarun 1990. OMS ta amince da tsari mai rassa 4 a 1993, wanda ake taƙaitawa CHANCE da Faransanci: aikin fatar ido, shan magani, wanke fuska, gyaran muhalli. A 1998 kamfanin Pfizer ya fara ba da azitiromisin kyauta ta hannun ƙungiyar ITI, maganin da shansa sau ɗaya ke wadatarwa. Binciken da aka yi a faɗin Nijar tsakanin 1997 da 1999 ya nuna jihar Damagaram ce kan gaba: fiye da rabin ƙananan yaranta na ɗauke da ciwon.

3. Matamaye, filin gwaji

Saboda haka ne aka fara rabon azitiromisin ga jama'a a gundumomin Magarya da Matamaye a 2002. Ana auna tsawon yaro da sanda mai zane, a ba shi daidai kimarsa. Cibiyar Carter ta tallafa wajen horar da magina salanga, da koya wa mata haɗa sabulu, da shirye-shiryen rediyo. Dalilin salanga shi ne ƙudan da ke bin ido, Musca sorbens, yana hayayyafa ne cikin bayan-gidan da aka bari a fili.

Daga 2010 zuwa 2013 aka gudanar da binciken PRET a ƙauyuka 48 na gundumar Matamaye, tsakanin ma'aikatar lafiya ta Nijar da masana na Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko. Babbar tambayarsa ita ce: shin dole ne kowa ya sha magani? An kwatanta ba dukan jama'a sau ɗaya a shekara da ba yara kaɗai, daga wata 6 zuwa shekara 12, sau 2 a shekara. Sakamakon ya nuna hanya ta biyu ba ta gaza ta farko ba, har manyan da ba su sha ba sun amfana. Wannan ya tabbatar da cewa yara ne rumbun cutar. Amodarin da ake rainawa shi ne tushen gira da hakiya.

4. Kammalawa

Mizanin OMS shi ne a sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na yara masu shekara 1 zuwa 9. Wa'adin 2020 ya wuce ba a cim ma burin duniya ba, aka ɗaga shi zuwa 2030. Gana ta kai a 2018, Togo a 2022, Mali da Binin a 2023. Rabon magani abu ne na ƴan kwanaki, ana iya ƙidaya shi a rahoto. Wanke fuskar yaro kuwa na kullum ne, yana bukatar ruwa kusa da gida da kuma hujjar da uwa ta gamsu da ita.

A nan ne muke ganin aikin masu nazarin harshe. Kalmar CHANCE na taimakon wanda ya yi lakkal. Idan aka fassara ta sai ta watse, mai sauraro ya ji umurni 4 da ba abin da ya haɗa su. Haka ma kalmar « ƙwaya »: a jumla guda mai wayar da kai na iya cewa ƙwayar magani na kashe ƙwayar cuta don ta kare ƙwayar ido, ma'ana 3 da kalma ɗaya. Shawararmu ita ce a daina neman suna guda da zai maye gurbin « trachome ». A riƙe sunaye ukun da jama'a suka sani, a jera su bi da bi cikin kowane saƙo, yadda za a ji amodari na haifar da gira, gira na haifar da hakiya. Ya kamata ɗalibanmu su tattara waɗannan kalmomi daga bakin ungozomomi, da wanzamai, da majo na gidajen likita a Kance da kewayenta, tare da jumlolin da ake amfani da su ciki, kafin a sake rubuta wani saƙon rediyo.