Zunubi da tuba a addinin Kirista: abin da ya kamata a sani

Kowace shekara, kwana 46 kafin bikin Ista, ana ganin ƴan Katolika a Yamai, Maradi ko Damagaram suna fitowa daga majami'a da toka a goshi. Wannan rana ita ce Larabar Toka, farkon azumin kwana 40 da ake kira Karem da Faransanci, wanda ba a ƙirga ranakun Lahadi a cikinsa. Tokar tana tunatar da mutum cewa mutuwa na jiransa, don haka ya tuba tun da sauran lokaci.

Mene ne zunubi?

A koyarwar Kirista, zunubi shi ne juya wa Allah baya ta tunani, magana, aiki ko barin abin da ya wajaba. Littafin Farawa, sura ta 3, ya ba da labarin Adamu da Hauwa'u da suka ci ƴaƴan itacen da aka hana su, aka fitar da su daga gonar Aidan. Agustin (354-430), bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, shi ne ya faɗaɗa koyarwar "zunubin asali", wadda ke cewa kowane ɗan Adam ana haifarsa da raunin wannan saɓo na farko. Katolika da akasarin Furotesta sun amince da ita. Majami'un Otodoks kuwa suna cewa mutuwa da karkata ga saɓo aka gada, ba laifin Adamu ba.

Sakamakonsa

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa, ya bayyana mutuwa a matsayin ladan zunubi. Malaman Kirista suna fassara wannan da rabuwa da Allah, wadda ke iya zama ta har abada ga wanda ya mutu bai tuba ba. Katolika sun raba zunubi gida biyu: babba da ƙarami. Sai an cika sharuɗɗa uku yake zama babba: laifin ya kasance mai nauyi, kamar kisa ko zina, mutum ya san haramcinsa, kuma ya aikata da ganganci.

Akwai kuma sakamako tun a duniya. Sarki Dauda ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya sa aka kashe mijin a fagen yaƙi. Ya tuba, an gafarta masa, amma Littafi Mai Tsarki ya nuna fitina ba ta bar gidansa ba. Ana danganta Zabura ta 51 da wannan tuba.

Ƙofar tuba

Kiristoci sun yi imani cewa mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa ne suka buɗe hanyar gafara. Misalin da suka fi kawowa yana cikin Linjilar Luka, sura ta 15: ɗan da ya karɓi gadonsa, ya ɓarnatar da shi a wata ƙasa, yunwa ta koro shi gida, mahaifinsa ya tarye shi da gudu tun daga nesa. Haka ma Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu har sau uku, daga baya ya zama jagoran almajirai.

Yadda ake tuba ya bambanta. Ɗan Katolika yana yin nadama, ya furta zunubansa a gaban fada, ya karɓi gafara da aikin gyara da aka ɗora masa. Tun taron Lateran na 1215 aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma an haramta wa fada fallasa abin da ya ji, ko da hukuma ce ta tambaye shi. Furotesta suna furta zunubansu ga Allah kai tsaye. Gardama a kan tuba ce ma ta haifar da su: a 1517 Martin Luther ya soki sayar da takardun sassauta horon zunubi a Jamus.

Duk ɓangarorin sun yarda cewa tuba ba ta tsaya a baki ba. Luka ya kawo labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Saboda haka wanda ya ci dukiyar wani ko ya ɓata masa suna, dole ya mayar da hakki gwargwadon ikonsa.