Wa Ya Ƙwace Daren Dandali a Gafasa?

Akan ɗora wa makarantar boko laifin mutuwar dandali. Ni dai ban yarda ba. Dattawan Gafasa, ta ƙasar Ajingi, sun shaida mini cewa ko bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da farin wata ya fito sai yara maza su fita langa da kokawa, 'yan mata kuwa gaɗa, iyaye na jiyo tafinsu daga tsakar gida. Ashe boko safiya ta ɗauke, ta bar musu dare.

Daren ya soma kuɓucewa ne bayan 1990, shekarar da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano. Da kaset ya iso ƙauyuka, yaron da ya saba tsalle da ƙafa ɗaya sai ya koma zaune gaban talabijin, janareta na ruri.