Ƙananan masu iyo na ƙirar mutum: yadda suke tafiya tare a wuri matsattse

Ƙananan masu iyo wasu ƙwayoyi ne da masana ke ƙerawa a ɗakin bincike, waɗanda ke tafiya da kansu cikin ruwa. Girmansu bai wuce ƴan mikromita ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai ya fi su kauri sau goma ko fiye.

Samfurin da aka fi sani shi ne ƙwayar Janus, mai sunan gunkin Romawa mai fuska biyu. Ana shafa wa rabin ƙwayar platinum, a jefa ta cikin ruwan oksijene, irin wanda ake saye a farmasi don wanke ciwo. Gefen da aka shafa yana narkar da sinadarin, sai bambancin da ke tsakanin gefen biyu ya tura ƙwayar gaba. A 2004 masana a jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka suka nuna haka da ƴan sanduna, rabi zinariya rabi platinum.

Abin mamakin yana faruwa ne idan suka yi yawa, wurin kuma ya matse. Ƙwaya mai iyo ba ta da birki. Idan ta yi karo da bango sai ta ci gaba da turawa har ta juya, shi ya sa suke taruwa a jikin bango maimakon tsakiya. Idan biyu suka yi gaba da gaba sai su tsaya, ta uku ta zo ta maƙale, curi ya yi ta girma ba tare da wani manne ba. A 2013 wani rukuni a jami'ar New York ya sa irin wannan curi ya haɗu da hasken shuɗi, ya watse da an kashe hasken.

A shekarar dai, Denis Bartolo da abokan aikinsa a Faransa suka zuba miliyoyin ƙwayoyin roba cikin wata siririyar hanya mai siffar filin tseren doki, wutar lantarki na mirgina su. Suna ƴan kaɗan, kowace ta kama gabanta. Da yawansu ya haye wani mizani, sai duk suka fuskanci waje ɗaya kamar garke, ba jagora. Da aka killace su cikin da'ira kuwa, sai suka zama guguwa guda mai kewaya.

Wannan bincike ya shafi likitanci kai tsaye. Burin shi ne a ɗora musu magani su kai shi inda cutar take, ta jijiyoyin jini. Amma ƙananan jijiyoyi matsattsu ne, kuma halin taruwar nan na iya toshe hanya. Ruwan oksijene kuma yana lahanta ƙwayoyin jiki, dalilin da ya sa masana da yawa suka koma kan masu iyo da ake tuƙawa da maganaɗisu daga wajen jiki.