Martinsville da Tseren Gajeren Fili a Amurka

Tseren motocin kasuwa, wato motocin da asalinsu irin waɗanda kowa ke saya ne kafin a ƙara wa injinsu ƙarfi, ya samo tushe a kudancin Amurka, inda masu fasa-ƙwaurin barasa, musamman a zamanin haramcinta daga 1920 zuwa 1933, suka riƙa gyara motocinsu domin tsere wa jami'an gwamnati. Gajeren fili kuwa shi ne wanda zagayensa bai kai mil ɗaya ba, kuma fitaccen misalinsa shi ne na Martinsville a jihar Bajiniya, wanda H. Clay Earles ya buɗe a 1947, shekara guda kafin kafuwar ƙungiyar tseren motoci ta NASCAR, yana turɓaya zalla har aka shimfiɗa masa kwalta a 1955.

Da yake zagayensa mil 0.526 ne kacal, kwanoninsa kuma matsattsu, gwanintar taka birki da haƙurin cunkoso sun fi gudu amfani, abin da ya sa gogayyar motoci ta zama ruwan dare. Tun 1964 ake ba zakara dogon agogon katako a maimakon kofi, saboda yankin ya shahara da sana'ar kayan katako.