Daniel Amokachi: tarihin ɗan wasan gaba daga Kaduna da aikinsa na horarwa

Daniel Owefin Amokachi tsohon ɗan wasan gaba ne na Najeriya, kuma mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa. An haife shi a Kaduna ranar 30 ga Disamba, 1972. Ya taka leda a Ranchers Bees ta Kaduna, da Club Brugge ta Beljiyam, da Everton ta Ingila, da Beşiktaş ta Turkiyya. Sau biyu ya ɗaga kofin nahiyar Afirka: a 1994 yana ɗan wasa, a 2013 kuma yana mataimakin koci. Laƙabin da aka yi masa a Najeriya da wanda aka yi masa a Turkiyya duk bijimi suke nufi, saboda faɗin ƙirjinsa da yadda yake ture 'yan baya ya wuce da ƙwallo. Ba yawan ƙwallaye ne suka kafa sunansa ba, don a nan Rashidi Yekini ya yi masa nisa. Abin da ya bambanta shi shi ne ranakun da yake cin ƙwallon.

Kaduna da Westerhof

A ƙarshen shekarun 1980 Ranchers Bees na cikin ƙungiyoyin da ake shakka a Afirka ta Yamma. Ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofuna ta Afirka a 1988, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, sannan ta ci kofin WAFU a 1989. A wannan ƙungiya Amokachi ya fara fitowa yana ɗan shekara 16. A shekarar ce kuma Najeriya ta ɗauko Clemens Westerhof, mutumin ƙasar Holan, ta damƙa masa babbar tawagar ƙasa. Westerhof bai tsaya a Legas yana jiran a kawo masa sunaye ba. Ya riƙa bin filayen wasa na cikin gida yana duba yara da idonsa, kuma a haka ya ga Amokachi.

Ya tafi da shi gasar kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana da shekara 17. Masu masaukin baƙi suka lallasa Najeriya da ci 5 da 1 a wasan farko, amma tawagar ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe, inda Aljeriya ta sake yin nasara da ci 1 da nema. Bayan gasar Club Brugge ta ɗauke shi.

Beljiyam da shekarar 1994

Shekara huɗu ya yi a Brugge. Ya ci kofin Beljiyam a 1991 da gasar lig ta ƙasar a 1992. A shekarar aka ƙirƙiro kyautar gwarzon ɗan wasa mai asalin Afirka a Beljiyam, shi ne ya fara karɓarta, ya sake karɓa a 1994. Ranar 25 ga Nuwamba, 1992, ya zura ƙwallo ɗaya tilo da Brugge ta doke CSKA Moscow da ita, kuma ita ce ƙwallo ta farko da aka ci a matakin rukuni bayan an sauya wa gasar zakarun Turai suna da fasali. Matasan da ke cika gidajen kallo daren Talata da Laraba ya kamata su san cewa ɗan Kaduna ne ya buɗe ragar wannan gasa da suke kwana suna musu a kanta.

A 1994 Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1, hukumar FIFA kuma ta sanya ta a matsayi na biyar a duniya. Sai gasar kofin duniya a Amurka, karon farko da ƙasar ta je. A wasan Bulgeriya a Dallas, wanda aka tashi 3 da nema, Amokachi ya ture ɗan baya da kafaɗa, ya kewaye gola, ya jefa ta biyu. A wasan Girka ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili ana dab da tashi, ya ratsa, ya ɗirka ta daga wajen da'ira ta shige saman raga. Da aka zo wasan Italiya sai rauni ya fitar da shi kafin hutun rabin lokaci. Najeriya na gaba da ƙwallon Emmanuel Amunike har saura minti biyu, Roberto Baggio ya farke, ya kuma ci fenariti a ƙarin lokaci. Rashin mai riƙe ƙwallo a gaba ya hana 'yan baya numfashi a wannan yammaci, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga gurbin da Amokachi ya bari.

Everton da zinaren Atlanta

Everton ta saye shi a kan fam miliyan 3 a watan Agustan 1994. Kocin da ya kawo shi, Mike Walker, bai kai ƙarshen shekarar ba aka sallame shi, wanda ya gaje shi kuwa, Joe Royle, ya fi ajiye Amokachi a benci. Ranar 9 ga Afrilu, 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham a filin Elland Road, Paul Rideout na Everton ya ji ciwo, ana duba shi a gefen fili, Everton na gaba da ci 2 da 1. Kafin Royle ya yanke shawarar yin canji, Amokachi ya riga ya shige fili. Ya ci biyu, aka tashi 4 da 1. Everton ta doke Manchester United a Wembley ta ɗauki kofin, shi ma ya shigo daga benci a wasan. Shekara 30 suka shuɗe bayan nan ƙungiyar ba ta sake ɗaga babban kofi ba. A lig ɗin Ingila kuwa ƙwallo 10 kawai ya ci a kaka biyu, sannan ya koma Beşiktaş a 1996, inda ya ci kofin Turkiyya a 1998.

Ɗan Holan na biyu a rayuwarsa shi ne Jo Bonfrere, tsohon ɗan wasan MVV Maastricht, wanda ya yi wa Westerhof mataimaki kafin ya jagoranci tawagar Najeriya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Doka ta ba da damar 'yan wasa uku da suka haura shekara 23, Bonfrere ya zaɓi Amokachi da Amunike da Uche Okechukwu. A tawagar akwai wasu 'yan Kaduna biyu, Tijani Babangida da Garba Lawal, dukkansu sun yi wasa a Roda JC ta Holan. Bayan an fitar da Burazil da ci 4 da 3, aka haɗu da Ajantina a wasan ƙarshe ranar 3 ga Agusta. Ajantina na gaba da ci 2 da 1 har minti na 74, Amokachi ya ɗaga ƙwallo ta saman gola ya farke. Amunike ya ci ta uku, Afirka ta samu zinarenta na farko a ƙwallon ƙafa na Olamfik.

Gwiwa

Ciwon gwiwa ne ya datse masa wasa. A kofin duniya na 1998 a Faransa wasa ɗaya ya buga. Ya bar Beşiktaş a 1999, 1860 Munich ta Jamus ta so ɗaukarsa amma bai tsallake gwajin lafiya ba, haka ya yi ta neman ƙungiya har Colorado Rapids ta Amurka, ba tare da ya koma yadda yake ba. Lokacin da aka buga wasu wasannin kofin Afirka na 2000 a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, Bonfrere ya dawo kan kujerarsa, amma Amokachi ba ya cikin tawagar. Shekarunsa 27 a lokacin, shekarun da ɗan wasan gaba ke kan ganiyarsa.

Horarwa

Ya fara horarwa a Nasarawa United ta Lafiya, ya kuma taɓa riƙe Enyimba ta Aba. Mafi yawan aikinsa dai a matsayin mataimaki ya yi shi a tawagar ƙasa, a ƙarƙashin Shu'aibu Amodu daga 2008, sannan a ƙarƙashin Stephen Keshi, tsohon kyaftin ɗin Amokachi. Keshi ya ɗauki hanyar Westerhof ta amincewa da 'yan wasan cikin gida, aka yi ta sukarsa, har ranar 10 ga Fabrairu, 2013, da Sunday Mba, ɗan lig ɗin gida, ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe a Johannesburg, kofin ya dawo Najeriya bayan shekara 19. Cikin 'yan gaban da Amokachi ya yi aiki da su akwai Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, ya kuma zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014.

Aikin mataimaki aiki ne da ba a cika yaba masa ba. Shi ke tsakanin koci da 'yan wasa, shi ke zama da matashin da ƙafarsa ta daina ganin raga, kuma a wurin irin wannan yaro maganar wanda ya ci Ajantina a wasan ƙarshe tana da nauyi. A matsayin babban koci kuwa tarihinsa gajere ne, bai isa a yanke masa hukunci da shi ba. Ya riƙe tawagar ƙasa na wucin gadi a wasannin sada zumunta a farkon 2015, ya yi 'yan makonni a Ifeanyi Ubah ta Nnewi a shekarar, sannan a 2016 ya tafi JS Hercules da ke birnin Oulu a Finlan, ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku. A 2020 shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya, daga baya a shekarar ya zama mataimaki na musamman ga shugaban ƙasa kan wasanni.