Ring Lardner, Marubucin Da Aka Hana Wa Sunansa

Kowane wasa da ake nunawa a silima, kafin a ɗauki hotonsa sai wani malami ya zauna ya tsara labarin, ya rubuta abin da kowane ɗan wasa zai faɗa. Ladan malamin nan iri biyu ne: kuɗi, da sunansa da ake haskawa a allo jama'a su gani. Ring Lardner ƙarami, mutumin Amurka, ya yi fiye da shekara 15 an hana shi na biyun.

An haife shi a Shikago cikin 1915, sunan ubansa ya ci, wanda shi ma shahararren marubuci ne. Ya taɓa aikin jarida, kana ya tafi Hollywood, matattarar masu silima. Cikin 1943 shi da Michael Kanin suka sami Oscar, babbar lambar girma ta wannan sana'a, saboda wasan Woman of the Year. Cikin 1947 albashinsa a kamfanin Fox ya kai dala 2,000 a mako.

A shekarar nan ne wani kwamitin Majalisar Wakilai ya tashi farautar 'yan Kwaminis cikin masu silima. Ran 30 ga Oktoba shugaban kwamitin, J. Parnell Thomas, ya tambaye shi ko yana cikin jam'iyyar. To, gaskiya yana ciki. Amma a ganinsa hukuma ba ta da ikon tuhumar mutum kan ra'ayinsa, ya kuma san wanda ya amsa, sai a ce ya lissafa abokansa. Sai ya ce yana iya amsawa, amma in ya yi, zai wayi gari yana ƙyamar kansa. Kamfani ya sallame shi. Su goma aka kama da laifin raina Majalisa, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 1,000.

Da ya shiga kurkukun Danbury cikin 1950, wa zai tarar? Thomas ne, da rigar fursuna, yana kiwon kajin gidan yari! Ashe ya cusa sunayen waɗanda ba su aiki cikin takardar albashi, yana karɓe kuɗin. Wannan tsohuwar dabara ce, ba ma'ajin da bai san ta ba.

Bayan fitowarsa ba kamfanin da zai sa sunansa, sai talabijin ya rufa masa asiri. Daga 1955 wata mace, Hannah Weinstein, tana shirya wasan Robin Hood a Ingila, labarin wani jarumi da hukuma ke nema, ya ɓuya a daji. Lardner da abokinsa Ian McLellan Hunter suna rubutawa daga Amurka suna aikawa da sunayen aro. Sukan riƙa sauya sunayen, don kada wani suna ya shahara har manya su ce a kawo mai shi su gaisa.

Sai 1965 sunansa ya sake fitowa a allo. Cikin 1971 ya karɓi Oscar ta biyu saboda M*A*S*H, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya. Ya rasu cikin 2000 yana da shekara 85, shi ne na ƙarshe cikin goman nan.