Naɗi da Tuɓewa a Hukumar Zaɓe ta Gana

Duk wanda ya ga zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba 1992 zai tuna yadda 'yan hamayya suka ƙi yarda da sakamako, har suka ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na Disamba. Hukumar wucin gadi ce ta gudanar da shi. A 1993 aka kafa Hukumar Zaɓe ta dindindin mai mutum bakwai: shugaba, mataimaka biyu, da wakilai huɗu.

Jama'a ba sa zaɓen waɗannan mutane. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su bisa shawarar Majalisar Dattawan Ƙasa. Amma tsarin mulkin 1992 ya ɗaure hannun mai naɗin. Shugaban hukumar yana da matsayin alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara, yana riƙe kujera har ya cika shekara 70, kuma ba a tuɓe shi sai an kai koke, Babban Jojin ƙasa ya kafa kwamitin bincike, kwamitin ya same shi da laifi. Hikimar ita ce, alƙalin da ke tsoron kora ba ya iya faɗa wa mai mulki cewa ya faɗi.

Dakta Kwadwo Afari-Gyan ya zauna a kujerar daga 1993 zuwa 2015. A hannunsa mulki ya sauya jam'iyya sau biyu. A zaɓen 2008, sai da aka jira ƙuri'un mazaɓar Tain kafin ya bayyana Atta Mills a matsayin wanda ya ci, da ratar ƙuri'a kimanin dubu 40. Babu wanda ya kore shi, shekarunsa ne suka cika.

Shugaba Mahama ya naɗa Charlotte Osei a 2015, mace ta farko a wannan muƙami. Ita ce ta bayyana faɗuwar wanda ya naɗa ta a 2016. Sai wasu ma'aikatan hukumar suka kai koke, kwamiti ya same ta da saɓa dokar ba da kwangila. A Yuni 2018 Shugaba Akufo-Addo ya tuɓe ta tare da mataimakanta biyu, daga baya ya naɗa Jean Mensa. An bi matakan doka, amma 'yan hamayya suka ce siyasa ce, kuma zargin ya bi magajiyarta. Ita ma a 2024 ta bayyana faɗuwar jam'iyyar da ta naɗa ta.

Wannan tarihi ya shafe mu, mazauna zango, domin hukumar ce ke riƙe da rajistar masu zaɓe, kuma a bakin teburin rajista ake tambayar mutum asalinsa. Idan kowace gwamnati ta zo da nata alƙalin, mai rauni ne zai fara rasa wurin kai ƙara. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.